Zuwa ga masu yi mana gajerun fina-finan soyayya: ku zo ku ga yadda ake gane ciki

Assalamu alaikum ƙannena da ɗiyana masu shirya ƙananan fina-finan nan na soyayya da muke kallo cikin salula, na Yamai da na Maraɗi da na Damagaram da ku na nan gida Tahoua. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni mai ɗinki ce, shekara 23 ke nan ina kan keke, ina da ƴan mata apranti shida cikin atelye, kuma ta hanyarsu na san ku, don da an yi sallar azahar an ajiye almakashi sai ku gan su sun haɗa kai kan salula guda, wagga ta saye forfe na intanet yau gobe waccan, suna bin epizod bayan epizod a TikTok da Facebook da YouTube. Da farko faɗa nake musu, daga baya nima na ja kujera. Wallahi kuna da hazaƙa, akwai yaran da in sunka yi kuka cikin fim sai na ji nawa idon ya kawo ruwa. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wagga takarda, don wanda ba ka damu da shi ba ba ka ɓata dare kana rubuta masa.

Maganata a kan ciki ce, cikin da ya zo ba a shirya masa ba. Cikin sati guda na ga fim uku na mutane daban daban, amma sin ɗin kamar uwa ɗaya ta haife su. Yarinya na shara ko tana miƙa ma baƙo ruwa, sai ta dafe goshi, sai ta zube ƙasa. Sin na gaba ga likita da farar riga yana cewa ina taya ku murna tana da ciki wata uku. Uba ya miƙe, mari, uwa ta ɗora hannu aka tana salati, kiɗan tausayi ya tashi har ba a jin magana, a watso mata kaya waje, a rubuta mu haɗu a epizod na gaba. Shi ke nan an gama da ita cikin minti biyu.

Ƙannena ba haka abin yake zuwa ba. Na ga masu ciki sun fi a ƙirga, waɗanda sunka suma a farkonsa ba su cika yatsun hannuna guda ba. Ku bari in gaya muku yadda yake zuwa wurina, don sau da yawa tela ta kan riga uwa sani.

Ina da kaye da nake rubuta awon kowace kostoma, ƙirji, ƙugu, kwankwaso, tsawo. Yarinya za ta shigo da rigar da na ɗinka mata da ƙaramar salla, wata biyu da sunka wuce, ta tsaya bakin ƙofa har sai sauran mutane sun ragu sannan ta ce Tanti ta matse ni, ki ɗan buɗe min. In ce ina ta matse ki, ta ce ko'ina. Ba tumbi ke fara nunawa ba, ƙirji ne, shi ke fara cika tun ciki bai fito ba, ku kuwa tun wata biyu kun cusa ma yarinya matashin kai ƙarƙashin riga. In ɗauko santimeta in ce cire hijabi in auna, ta ce a'a Tanti auna hakanan. To in na zagaya mata santimetan a ƙugu sai in ji ta ɗauke numfashi, ta shanye cikinta ciki iya ƙarfinta, idonta na kan rufin kwano, ba ta sakin numfashin sai na janye hannuna. Ni na ga lambar, ita ta san na gani, na duba kaye na ga tsohuwar lambar, babu wadda ta ce uffan, keken da ke bayanmu na ta ƙara. Sai ta ce Tanti wanga karon ki yi min bubu mai faɗi.

Wanga numfashin da ta riƙe, nan ya kamata kamerarku ta tsaya. Ba ya bukatar likita, ba ya bukatar kiɗa, ba ya cin ko dala, kuma duk macen da ta kalla daga Konni har Abalak za ta gane mi ke faruwa tun ba a faɗa ba, gabanta zai faɗi.

Haka uwa. Uwa ba wurin likita take jin labari ba, uwa ƙirga take. Ta lura wata biyu ke nan ɗiyarta ba ta yi fashin salla ba, ko azumi ya zo ya wuce ba ta sha ko guda ba, ta lura in ana soya albasa yarinya na ficewa daga madafa, ta daina shan hura da take so, tana tsintar tsamiya da goriba, barci da hantsi. Uwa za ta kwana uku tana kallonta ba ta ce komi ba don tana roƙon Allah ya sa ƙirgarta ce ta ɓace. Ran da za ta yi magana kuwa ba ihu take ba, gidanmu katanga guda ce tsakaninmu da maƙwabta, wa zai yi ihu? Aiken ƙannen take, ku je ku sayo min magi, ku biya gidan gwaggonku ku gaishe ta, ta sakaya ƙofa, ta zauna bakin gado, ta daɗe tana gyara zanen gadon da ba abin da ya same shi. Sannan ta ce, yaushe rabonki. Kalma biyu. Uba shi ne na ƙarshen ji, kuma ba daga bakin ɗiyar ba, ƙanwarsa ko yayarsa ake kira ta gaya masa. Akwai masu duka ban musa ba, akwai masu kora, amma wanda na fi gani shi ne dattijon da ya daina zama majalisar ƙofar gida, ya koma sahun baya a masallaci, ana sallamewa ya ɗauki takalmi, abinci ya dawo ba a taɓa ba. Ban taɓa ganin wanga uban cikin fim ɗinku ba, kuma shi ya fi karya zuciya.

Sai abu na biyu, shi ya fi damuna. A wurinku cikin bazata ma'anarsa guda ce, cikin shege. To a ƙasa irin tamu Nijar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ake musu aure kafin su cika 18, mafi yawan cikin da ke zuwa ba shiri cikin ɗakin aure yake zuwa, da sadaki da goro da fatiha, kuma yana zuwa da tsoro da kunya da hawaye irin nasa.

Ni kaina ya same ni. Ɗana na biyu na da wata bakwai yana nono, maigida ya tahi Abijan bida bayan an gama girbi kamar yadda mazan Adar ke yi, ya yi sati shida da tahiya na gane na yi kunika, wato ciki ya shiga ina cikin shayarwa. Wanda ba mace ba ba zai san nauyin wagga kalma ba. Kunika ko rurrutsa, ai kamar an ce ba ki da haƙuri, ba ki tausayin ɗanki, mata na kallonki a wurin suna suna taɓa juna. Tsofaffi sunka ce nono ya lalace a cire yaro yau yau, ni kuma ina kallonsa ko zama bai gama iyawa ba. Sai da wata sajfam, wato ungozomar asibiti, a wurin awo, Allah ya saka mata, ta zaunar da ni ta ce nonon bai lalace ba, ki ci gaba da ba shi, ke dai ki ci abinci ki sha maganin ƙarin jini, yayen gaggawa shi ke jefa yara cikin tamowa. Ga wannan, ga kuma uwar miji da na gani da idona tana lanƙwasa yatsu tana ƙirga watannin tahiyar ɗanta. Ba ta ce min komi ba, Allah ya jiƙanta mace ce mai kirki, amma na ga yatsun.

Na kira shi da dare, kiredi na gudu, na yi ta kewaye kewaye, ya aiki, ya masu gida, ya ruwa, don mu ba a koya mana buɗe baki mu ce ma miji ina da ciki ba, daga ƙarshe na ce masa wane zai samu ƙane. Ya yi shiru har na duba salula ko ta yanke. Na san mi yake lissafi, kuɗin da ya tahi nema bai samu ba tukuna, ga rago, ga kayan jego, ga bashin mota. Sai ya ce to, Allah ya raba lahiya, ba Inna salula. Na kai mata. Ban ji abin da ya ce duka ba amma na ji wannan, Inna nawa ne, na san kwanansa, ki kula min da ita. Da safe ita da kanta ta dama min kunu ta karɓi yaron ta goya.

Ku masu fim ɗin soyayya, in wannan ba soyayya ba ce to mi ce ce? Babu fure, babu waƙa a lambu, mutum na can nisan ƙasashe ya tsaya tsakanin matarsa da bakin mutane da magana guda. Gidaje nawa ne a Keita da Bouza da Illela mazansu na Abijan ko Libiya ko Aljeriya, mata na nan da ciki ana musu ƙirga? Kuma addini bai bar abin ga yatsun kowa ba, malamai sun ce mafi ƙarancin ciki wata 6 ne, wanda ya jefi mace da zina ba shi da shaidu huɗu kuwa Suratun Nur ta yanke masa bulala 80. Ku sa wani ya faɗi wannan cikin fim, ko da tsoho ne a bakin masallaci, za ku rufe bakuna da yawa.

Akwai kuma matar da ta kai 45 ta ɗauka haila ta ɗauke, ashe auta ne, ga ɗiyarta ta fari ta dawo gida goyon ciki, uwa da ɗiya a layin awo guda tana jan mayafi tana rufe fuska. Akwai wadda ta shekara tara ba ko ɓatan wata, an riga an kai kuɗin kishiya, sannan abin ya zo, ba ta san murna za ta yi ko kuka ba, kuma tana tsoron faɗi kar baki ya kama shi. Duk suna nan, suna zuwa atelye.

Yanzu in zo kan abin da na ga kun fara kwaikwayo. Akwai fina-finan nan na ƴan Sin da na Amurka masu epizod minti ɗaya ɗaya, waɗanda ake kallo salula na tsaye, ana juya su da Faransanci wasu har da Hausa. Labarin kusan kullum guda ne, yarinya talaka ta kwana da wani baƙo dare ɗaya a otel, ta samu ciki, ta gudu, bayan shekara biyar ta dawo da yaro kyakkyawa ko ƴan biyu, ashe baƙon shi ne mai kamfani, ya durƙusa yana kuka, ya kori duk waɗanda sunka wulaƙanta ta. Na ga kun fara sa masa babbar riga da hula, ya zama ɗan Alhaji mai mota V8. Apranti na akwai mai 15 akwai mai 16, ina jin yadda suke ajiyar zuciya in yaron nan ya buɗe mata ƙofar mota. Don Allah don Annabi kar ku sayar musu da wannan. A nan garin abin da ke faruwa shi ne saurayi ya ce kin tabbata nawa ne, gobe salularsa a kashe, jibi ya canza pus, wato layin salula, wani sati a ce ya bi mota ya yi Agadas wurin zinariya. Uwarsa ta ce ɗana ba zai aikata ba. Kuma auren rufa asiri da kuke ɗaurawa a epizod na ƙarshe kowa na murna, ku tambayi malamanku, a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a ɗaura ma mace aure da ciki sai ta haihu.

Kuma shi yaron ina yake a fim ɗinku? Yana fitowa farko da kalamai, ya ɓace, ya dawo ƙarshe ko ya tuba ko ya haukace. Ku bi shi mana. Ku nuna shi zaune a fadar samari an miƙo masa shayi ya riƙe kofin har ya huce, abokai na dariya shi bai ji ba, ku nuna shi ya zo layin gidansu da moto ya rage gudu ya kasa tsayawa, ku nuna shi yana goge saƙonta yana sake buɗe salula ko wani ya shigo. Tsoronsa gaskiya ne, rashin mutuncinsa ma gaskiya ne, samari na kallonku su ma, su ga kansu.

Ban ce ku halatta haram ba, ni uwa ce, ina da ɗiya mata uku. Amma in duk abin da yarinya ta gani cikin fim shi ne mari da kora da tsinuwa, darasin da take ɗauka guda ne, in ya same ki ki ɓoye. Kuma ɓoyon nan shi ke kisa.

Akwai wata, shekaru da dama yanzu, ba zan faɗi ko unguwarsu ba. Sau uku tana kawo min riga guda in buɗe mata. Na gane tun zuwan farko. Na ce a raina ba ɗiyata ba ce, kar in shiga abin da ba ruwana, kar uwarta ta ce na yi mata sharri, na buɗe rigar na karɓi kuɗina na yi shiru. Ashe ɗaure cikin take da ɗankwali, ba ta taɓa zuwa awo ba ko sau ɗaya, ba wanda ya auna mata hawan jini, ƙafafunta sun kumbura ta ce ma uwarta tsayuwa ce. A wata na bakwai jijjiga ta kama ta cikin dare. Ita ta rayu, ɗan bai rayu ba. Har yau in na buɗe tsohon kayen nan na ga lambobinta guda uku jere da rubutun hannuna sai in rufe. Da na ja ta bayan labule tun ranar farko na ce ɗiyata zo mu je wurin sajfam ni zan raka ki, ni zan yi ma innarki magana, Allah kaɗai ya san abin da zai kasance, amma ni na san ban yi ba. Tun daga ranar ban ƙara yin shiru ba.

Shi ya sa nake roƙonku ku sa mutum guda cikin labarin wanda yarinya za ta iya gaya mawa, gwaggo ko yaya ko madam ta lekol ko tela irina, wanda zai yi fushi ya yi kuka amma ya kama hannunta ya kai ta awo. Ku nuna awon yadda yake, karne na awo, sikeli, awon jini, ƙwayar ƙarin jini, Fansidar na kariyar masassara, gidan sauro, allurar tetanus, sajfam ta ɗora abin saurare a ciki yarinya ta ji bugun zuciyar ɗan a karon farko, ita da ta kwana biyu tana roƙon Allah ya ɓatar da shi. Fuskarta a wannan lokacin kaɗai ta ishe ku epizod. Ku je gidan haihuwa na Tassigui a nan Tahoua ko CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, ku gaida sajfam ku tambaye su, a Yamai ga gidan haihuwa na Issaka Gazobi, ba za su hana ku sani ba. Kuma ku daina nuna abin da ake sha ko ake haɗawa don zubarwa, ko da niyyarku gargaɗi ce, wadda ke cikin ruɗu ba gargaɗin take ji ba, sunan abin take riƙewa.

Ko tes ɗin ciki ɗin nan na farmasi da kuke nunawa a daƙiƙa guda, akwai labari cikinsa. Wa zai sayo? Mai farmasin unguwa ya san babanta, sai ta aiki ƙawa wata unguwa can nesa, a ƙunshe cikin baƙar leda a cusa ƙasan jaka, ta jira asuba kowa na barci ta shiga makewayi da hasken salula, ƴan mintocin nan da take tsugune tana jiran layi na biyu ya fito ko kar ya fito, ladan na kiran salla, sannan in ya fito ina za ta jefa shi a gidan da yara ke tonon shara. Ku bar mu mu zauna da ita cikin mintocin nan, ku kashe piyanon, ƙarar buta da zakara sun isa.

Batun lekol ma, kullum sai ku nuna direkta ya kore ta an rufe babinta. Tun Disamba 2017 akwai dokar da gwamnati ta sa ma hannu ta kare yarinya mai karatu, kuma a 2019 anka fitar da takardar da ta ba mai ciki ko mai aure damar ci gaba da karatu ta dawo aji bayan ta haihu. Iyaye da yawa ba su san da ita ba, ku kuwa kuna shiga ɗakunan da rediyo ma ba ya shiga yanzu. Ku nuna min yarinya ta bar jariri wurin kaka ta je ta rubuta jarabawar brebe nono na zuba cikin riga tana rufewa da hijabi, akwai su, na ɗinka ma irinsu tuni.

Na san za ku ce Tanti ba mu da kuɗi, salula guda ce da fitila guda, kuma in ba mari da suma mutane wucewa suke ba su tsayawa. Na ji. Amma marigayi Moustapha Alassane a nan Tahoua ya zauna shekaru, da zane da ƴan kayan da ya haɗa da hannunsa ya yi fina-finan da anka kalla a ƙasashen duniya, ya rasu 2015 ana girmama shi. Kuma ni ina ganin ƴan matana, marin sun saba da shi, suna kallo suna cin gyaɗa, inda suke yin tsit su matso da salula shi ne inda sunka ga abin da ya yi kama da gidansu.

In ɗayanku ya biyo Tahoua ya tambayi mata masu ɗinki, ya zo ya zauna mana yini guda, ban da Lahadi don ranar kasuwa ce ba mu da sukuni. Zan nuna muku yadda ake riƙe santimeta, kuma zan ɗinka muku cikin fim da auduga, na wata 4 da na wata 6 da na wata 9, kowane da maɗaurinsa yadda ba zai zame ba in yarinya ta duƙa, ba sai kun biya ba, ku dai kawo yadi.

Wassalam, daga yayarku kuma innarku mai ɗinki, Tahoua.